Malam-buɗe-littafi a sama, kuɗin cizo a ƙasa: ƙwari a jadawalin waƙoƙin Amurka da Birtaniya

Duk wanda ya bi tarihin jadawalin waƙoƙi na Amurka da Birtaniya, wato jerin nan da ake fitarwa mako-mako na waƙoƙin da suka fi kasuwa, zai ga ƙwari sun sha leƙowa a cikinsa. Sai dai ba kowane ƙwaro ake bari ya hau sama ba. A 1957 waƙar "Butterfly", wato malam-buɗe-littafi, ta kai Andy Williams lamba ɗaya a ƙasashen biyu. A 2001 ƙungiyar Crazy Town ta hau wannan matsayi a Amurka da wata waƙar daban mai suna iri ɗaya. A 2009 kuma Owl City ya zo da "Fireflies", waƙar maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Duka kyawawan ƙwari ne, ba sa cizo, ba sa shiga rumbu. To ina sauro da kyankyaso da kuɗin cizo? An yi musu waƙa, da yawa ma, kuma a ganina nasu waƙoƙin sun fi nauyi. Abu biyu ne ya danne su: zamanin da aka yi su, da irin mutanen da suka yi su.

Babu ƙwaron da ya ci waƙa a Amurka kamar ƙwaron auduga, wanda suke kira boll weevil. Tsawonsa wajen milimita 6 ne, yana da dogon baki. Macen takan huda tohon auduga ko ɗanyen ƙwallonta ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye ciki, toho ya zube ƙasa tun bai buɗe ba. Daga Meziko ya ƙetaro kogin Rio Grande kusa da garin Brownsville na jihar Texas wajen 1892. Ya yi ta cin gona yana matsawa gabas, har zuwa farkon shekarun 1920 ya game kusan duk yankin audugar kudancin Amurka.

Da yawa cikin masu noman wannan auduga baƙar fata ne, 'ya'ya da jikokin bayi, kuma gonar ba tasu ba ce. Mai ƙasa ya ba da fili, ɗan kasuwa ya ba da iri da abinci bashi, idan kaka ta yi a raba amfani a cire bashi, abin da ya saura shi ne rabon manomi. Shekarar da ƙwaro ya shiga gona babu abin da ke saura, sai bashin ya haye na baɗi. A bakin waɗannan mutane waƙar ta fito, kuma ba wanda zai iya nuna mutum guda ya ce shi ya ƙirƙire ta.

Tsarinta hira ce tsakanin manomi da ƙwaro. Manomi ya ga ƙwaro ɗaya a kan toho, da ya dawo sai ya tarar ya kwaso iyalinsa duka. Ya binne shi a yashi mai zafi, ƙwaro ya ce zai jure. A kowane baiti amsar ƙwaron ɗaya ce: wurin zama yake nema. A nan zurfin waƙar yake. Mawaƙin ba ya tsine wa ƙwaron, har ma kamar burge shi yake yi. Ga baƙo ɗan mitsitsi, marar gida, an gasa shi bai mutu ba, kuma shi kaɗai ne mai gona Bature ba ya iya yi wa bulala ko kai shi kurkuku. Manomin da ba shi da bakin yi wa mai ƙasa gardama sai ya ari bakin ƙwaro ya ci masa albasa. Habaici ne tsantsa, wanda aka yi dominsa yana ji, amma ba shi da hujjar kama kowa.

Ma Rainey ta ɗauki tata "Bo-Weavil Blues" a faifai a 1923, Bessie Smith ta biyo baya a 1924. A 1929 Charley Patton, wanda ake ɗauka a matsayin uban blues, kiɗan baƙar fatar Amurka, a yankin Mississippi, ya yi "Mississippi Boweavil Blues". Kamfanin Paramount bai ma sa sunansa a faifan ba, sai ya rubuta "The Masked Marvel", ya sa gasa masu saye su canko ko wane ne. A 1934 masu tattara waƙoƙin gargajiya John Lomax da ɗansa Alan suka naɗi mawaƙi Lead Belly yana rera tasa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Sauran ƙwarin talaka ma ba a bar su ba. Lonnie Johnson da Bessie Smith da Furry Lewis duk sun yi waƙar kuɗin cizo, "Mean Old Bed Bug Blues", a 1927, Blind Lemon Jefferson kuma ya yi wa sauro "Mosquito Moan" a 1929. Waƙoƙin ɗakin haya ne da tsohuwar katifa da daren da barci ya gagara.

(Akwai wani gari a Alabama, Enterprise, da ya gina wa ƙwaron auduga mutum-mutumin tunawa a 1919. Hujjarsu ita ce ɓarnarsa ta tilasta musu komawa noman gyaɗa, suka kuwa samu kuɗi. Godiyar masu gona ce wannan. Wanda aka kora daga gona bai gina komai ba, jirgin ƙasa ya shiga ya nufi Chicago.)

Duk waɗannan waƙoƙi ba su da lamba a jadawali, domin a lokacin babu jadawalin. Mujallar Billboard ba ta fara fitar da jerin faya-fayan da aka fi saye a faɗin ƙasa ba sai a watan Yuli na 1940. Waƙoƙin baƙar fata kuwa gefe guda aka ware musu: daga 1942 akwai "Harlem Hit Parade", daga 1945 aka koma kiran jerin "Race Records", sai a 1949 aka sauya masa suna zuwa "Rhythm and Blues". A Birtaniya sai a Nuwamba 1952 jaridar New Musical Express ta fara nata, inda Percy Dickins ya riƙa buga waya kantuna kusan 20 yana tambayar abin da suka sayar. Shahararren jadawalin nan na Hot 100 kuwa a Agusta 1958 aka haife shi. Saboda haka duk lambar da ka ga an liƙa wa waƙar shekarun 1920, kirdado ne da wasu suka yi daga baya.

Da jadawali ya kafu, ƙwaron auduga ya samu shiga, amma sai da aka cire masa haƙora. Fats Domino ya yi "Bo Weevil" a 1956, waƙar nishaɗi wadda ƙwaron cikinta ya zama kamar wani ɗan ƙauye mai yawo. Wadda ta fi tashe ita ce "The Boll Weevil Song" ta Brook Benton, ɗan jihar South Carolina, wadda suka gyara tare da Clyde Otis kamfanin Mercury ya fitar a 1961. Benton mai taushin murya ne, yawancin waƙar ma magana yake yi kamar mai tatsuniya, ga mawaƙan amshi, ga kiɗa mai sanyi. Ta kai lamba 2 a Hot 100, ta yi mako uku a nan, "Tossin' and Turnin'" ta Bobby Lewis ta tare mata hanya. Duk tsawon rayuwarsa Benton bai sake yin waƙar da ta kai wannan matsayi a Hot 100 ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne a watan Yulin wannan shekara Billboard ta buɗe sabon jadawali na waƙoƙi masu sanyi, irin na hutun manya, mai suna "Easy Listening", kuma waƙar da ta fara zama lamba ɗaya a kansa ita ce wannan. Kukan yunwa na manoman haya ya zama abin sauraro a falo bayan cin abincin dare.

Ba laifin Benton ba ne, waƙarsa tana da daɗi, kuma bai jefar da hirar manomi da ƙwaro ba. Zamani ne ya juya. Zuwa 1961 injin tsintar auduga ya riga ya karɓe aikin hannu a wurare da yawa, miliyoyin baƙar fata sun bar kudu sun koma biranen arewa. Mai sayen faifai a lokacin matashi ne na birni, bai taɓa ganin toho ya zube ba. Abin da ya sa kakansa kuka, shi dariya yake ba shi.

Kyankyaso ma haka ta faru da shi. "La Cucaracha" tsohuwar waƙa ce da ake danganta asalinta da Sifaniya, amma a juyin juya halin Meziko na 1910 zuwa 1920 ta yi ƙarfi. Amshinta kyankyaso ne da ya kasa tafiya saboda ya rasa wani abu, kuma kowane ɓangare na yaƙin yana ɗora nasa baitocin na zambo. Magoya bayan madugun 'yan tawaye Pancho Villa sun yi ta yi wa Victoriano Huerta, wanda ya ƙwace mulki a 1913 aka kore shi a 1914, ana masa shaidar shan giya da tabar wiwi. Wasu baitocin kuma gemun Venustiano Carranza, wani jagoran juyin, suka sa a gaba. Da waƙar ta ƙetara Amurka sai siyasar ta zube a hanya. A 1934 aka yi wani gajeren fim mai launi da sunanta har ya ci lambar Oscar, Louis Armstrong ya busa ta a 1935, daga ƙarshe ta koma ƙarar hon ɗin mota da waƙar yara. Yau da wuya a samu ƙasar da ba a san karinta ba, amma kaɗan ne suka san da wa ake. A Trinidad kuwa Mighty Spoiler ya ci sarautar kiɗan kalifso a 1953 da waƙar barkwanci da yake fatan in ana dawowa duniya ya dawo a kuɗin cizo. Wannan sarauta alƙalai ne suka ba da ita a dandali, babu ruwanta da Billboard.

Ƙudan zuma yana tsakiya, yana da harbi yana da zuma, shi ya sa mawaƙan blues suka mai da shi mayafin maganar manya. Memphis Minnie ta yi "Bumble Bee" a 1930, Muddy Waters ya kai "Honey Bee" lamba 10 a jadawalin baƙar fata a 1951. Wadda ta fi tasiri ita ce "I'm a King Bee" ta Slim Harpo, da aka ɗauka a garin Crowley na Louisiana a 1957. Ba ta shiga jadawalin ƙasa ba sam, amma samarin Ingila suka haddace ta, har Rolling Stones suka sa ta a kundinsu na farko a 1964. Mai kiwon zuma zai yi dariyar wannan kirari, tunda amya ba ta da sarki sai sarauniya, namijin kuma ba shi da ƙari, ba ya aikin fari bare na baƙi. Tururuwa ita ma ta samu rabonta a "High Hopes" ta Frank Sinatra a 1959, inda take ƙoƙarin ɗaga bishiyar da ta fi ƙarfinta. A lamba 30 ta tsaya a Amurka, amma ta ci Oscar, kuma da ita John F. Kennedy ya yi yaƙin neman zaɓe a 1960 bayan an sauya mata baitoci.

Idan aka zo kan malam-buɗe-littafi, da wuya ka samu waƙar da shi kansa ake nufi. A "Butterfly" ta 1957, wadda Bernie Lowe da Kal Mann suka rubuta, budurwa ce mai tsalle daga wannan saurayi zuwa wancan. A "Elusive Butterfly" ta Bob Lind, wadda ta kai lamba 5 a Amurka da Birtaniya a 1966, soyayya ce da ta ƙi kamuwa. Dolly Parton ta kai tata lamba ɗaya a jadawalin kiɗan karkara a 1974. Ta Crazy Town kuwa kirari ne kawai ga budurwa, an ɗora shi a kan wani guntun kiɗan jita da aka yanko daga "Pretty Little Ditty" ta Red Hot Chili Peppers ta 1989. Ta yi mako biyu a lamba ɗaya, ƙungiyar ba ta sake kusantar wurin ba. Ƙwaro a nan ado ne, an ari fiffikensa an yar da sauran.

Amma waɗannan waƙoƙi suna koyar da wani abu dabam, wato yadda lambar jadawali take biye wa dokar ƙidaya ta lokacinta. Ɗauki ta 1957. Charlie Gracie, ɗan Philadelphia, shi ya fara fitar da ita a ƙaramin kamfanin Cameo, Andy Williams ya maimaita ta nan take. Dukansu biyu ana cewa sun kai lamba ɗaya, kuma ba wanda ya yi ƙarya. A lokacin Billboard jadawali huɗu take fitarwa: na ciniki a kantuna, na gidajen rediyo, na akwatunan kiɗa da ake jefa wa sulalla a gidajen abinci da mashaya, da na haɗaka mai suna Top 100. Gracie ya ci na akwatunan kiɗa, Williams ya ci Top 100. Irin wannan ruɗani ne ya sa littattafan tarihi suke saɓani kan matsayin "The Glow-Worm" ta Mills Brothers a 1952, waƙar maƙesu da Paul Lincke ya tsara a Berlin tun 1902, Johnny Mercer ya yi mata sababbin baitoci.

Bayan shekara 40 sai wata dokar ta yi nata aikin. Kafin Disamba 1998, waƙa ba ta shiga Hot 100 sai an fitar da ita ita kaɗai a faifai na sayarwa, komai yawan sa ta da rediyo ke yi. Kamfanoni kuwa sun gano in suka hana faifan waƙa guda, dole mai so ya sayi kundi gaba ɗaya, wanda ya fi tsada. Shi ya sa "Butterfly" ta Mariah Carey, waƙar da ta yi a 1997 lokacin rabuwarta da mijinta Tommy Mottola, shugaban Sony Music na lokacin, ba ta taɓa shiga Hot 100 ba, alhali kundin da ke ɗauke da sunanta ya fara ne daga lamba ɗaya. A wannan shekarar dai Bob Carlisle ya yi "Butterfly Kisses", waƙar uba ga 'yarsa, ta cika gidajen rediyo, ta kai kundinsa lamba ɗaya, ta ci Grammy. Amma wadda ta hau Hot 100 a lokacin ita ce maimaicin Raybon Brothers, a lamba 22, don su sun fitar da nasu faifan kasuwa. Wanda ya dogara da jadawali kaɗai zai ɗauka su ne masu waƙar.

A Birtaniya ma akwai irin wannan. "The Fly" ta U2, wadda ƙudan cikinta wani hali ne da Bono, mawaƙin ƙungiyar, ya ƙirƙira yana sa baƙin tabarau, ita ta sauke Bryan Adams daga lamba ɗaya a ƙarshen Oktoba 1991 bayan ya yi mako 16 a jere. Dabara aka yi: an sanar cewa mako uku kacal faifan zai yi a kanti, masoya suka yi rububi, ta hau sama, bayan mako ɗaya ta sauko. A Amurka lamba 61 ta tsaya. "Antmusic" ta Adam and the Ants kuwa rashin sa'a ta gamu da shi. Ta kai lamba 2 a Janairu 1981, daidai lokacin da jama'a ke makokin John Lennon da aka harbe a Disamba, "Imagine" ta zauna a sama ta ƙi motsi.

"Fireflies" 'yar wani zamanin ce kuma. Adam Young, wanda shi kaɗai ne Owl City, a ɗakin ƙarƙashin gidan iyayensa a garin Owatonna na Minnesota ya riƙa haɗa kiɗa da kwamfuta cikin dare saboda rashin barci, yana ɗorawa a shafin sada zumunta na MySpace. Tun 2005 Billboard ta fara ƙidaya waƙoƙin da aka saya ta intanet. A tsakiyar 2009 kantin iTunes ya ba da waƙar kyauta na mako guda, dubban ɗaruruwa suka sauke ta, rediyo ya biyo sahu daga baya. Ta hau lamba ɗaya a Nuwamba 2009, ta sauka, ta sake hawa, sannan ta yi mako uku a saman jadawalin Birtaniya a farkon 2010. Masu sharhi sun yi mata ca, suna cewa ta kwaikwayi salon ƙungiyar The Postal Service, kuma ba su yi ƙarya ba. Duk da haka ina ba ta wani matsayi da ban ba sauran ba: cikin waɗanda suka kai ƙoli, ita ce maƙesun cikinta maƙesu ne, ko da a mafarki ake ganin su. Kuma waƙar rashin barci ce, kamar ta Lonnie Johnson. Bambancin shi ne shi Johnson cizo ne ya hana shi runtsawa, shi kuwa Young tunani.

Wannan bambanci yana da dalilin da ba na kiɗa ba. A daidai shekarun da jadawali ke kafuwa, ƙwari masu cizo suna ficewa daga rayuwar masu sayen faifai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, daga aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta samo asali a Atlanta a 1946. Daga 1947 aka shiga fesa maganin ƙwari na DDT gida-gida a jihohin kudu maso gabas, zuwa 1951 aka ce cutar ta ƙare a ƙasar. Wannan maganin ne kuma ya kusa shafe kuɗin cizo a shekarun 1950. Ƙwaron auduga shi ma an ƙaddamar da shirin kawar da shi a 1978, aka fara daga Virginia da North Carolina, ana haɗa tarko mai ƙamshin da ke jawo shi da feshi, jiha bayan jiha, har ya zama babu inda ya rage sai ƙarshen kudancin Texas, bakin iyaka da Meziko.

Kuɗin cizo dai ya dawo tun ƙarshen shekarun 1990, ya saba da magungunan da ake fesa masa. Ya addabi New York a 2010, har manyan kantuna suka rufe na 'yan kwanaki, ya tayar da hankalin Paris a 2023 ana shirin wasannin Olympics. A karon Paris hotunan bidiyo na kujerun jirgin ƙasa da na silima ne suka yi ta yawo a wayoyin mutane, kuma da su aka yi barkwancin da a 1927 sai an je kanti an sayo shi a faifai.